Masu saƙar ƙulli da duwatsun ado, a fara zaɓen launi daga zare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da 'yan uwanmu masu saƙar ƙulli da duwatsun ado, wato makirame, musamman ƙannenmu da ke fitowa daga wuraren koyon sana'a. Da yawansu hannu ya faɗa, ƙulli ya zauna daram, amma abin hannun da abin wuyan sai su yi ta kwana a tebur babu mai tayawa. In ka ɗauka ka duba, galibi launi ne ya kayar da aikin. Ana shafe makonni ana koyar da ƙulli, zaɓen launi kuwa sai a bar kowa da idonsa, alhali shi ma yana da ƙa'idojin da ake koya a kuma gwada.

Babban kuskuren yana farawa tun daga kasuwa. Mai saƙa za ta tsaya gaban mai duwatsu ta zaɓi waɗanda suka burge ta, sai a hanyar fita ta karɓi duk zaren da aka miƙo mata. A jigida ko carbi wannan ba laifi, domin duwatsun sun rufe zaren. A saƙar ƙulli kuwa zaren a waje yake, kuma sau da yawa shi ke cin rabin fuskar aikin ko fiye. Saboda haka zare shi ne launi na farko, shi ake fara tsayarwa, sannan a ɗauke shi a hannu a je neman duwatsun da za su zauna da shi.

Shi ma zaren, launinsa na kan ƙwarƙwaro daban da launinsa bayan an ƙulla. Kowane ƙulli yana yin 'yar inuwa a gefensa, sai saƙar ta fito da duhu fiye da yadda aka gani a shago. Zaren foliyesta mai kakin zuma, irin Linhasita na ƙasar Burazil da ake samu a kaurin milimita 0.5, 0.75 da 1, launinsa a zaune yake babu walƙiya sosai, kuma kakin yana ƙara masa duhu. Zaren nailan, irin S-Lon da C-Lon ko na Sin mai kaurin milimita 0.8 da 1, yana da santsi da sheƙi, launinsa ya fi tashi. Ja ɗaya ne a suna, amma na nailan kusa da dutse mai walƙiya sai su yi ta gasa, na kaki kuwa sai ya ja baya ya bar wa dutsen fage. Kafin a yanka zaren aiki, a ƙulla ɗan gwaji mai tsawon santimita 3 da dutse biyu ko uku a ciki. Minti biyar ne, amma yana ceton zare mita huɗu.

Farin zare mai kaki yana da kyau ranar farko. Kaki yana kama ƙura da dattin hannu, kuma a lokacin hunturu mako guda ya isa ya mayar da shi ruwan toka. Wanda yake son haske ya ɗauki ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, sun fi ɓoye dauɗa. Sannan a wajen ƙone bakin zare, in aka sa farin zare a cikin rawayan harshen wuta zai yi baƙin tabo da ba ya fita. A kai shi gindin wutar laita, inda take shuɗiya, a narke shi da sauri a danne. Zaren auduga ba ya narkewa, ƙonewa yake yi, shi sai gam, kuma gam yana barin duhu a kan launi mai haske, don haka a ɗiga shi ta bayan aikin.

Akwai kuma abin da masu koyo ba su cika lura da shi ba: irin ƙullin shi ke yanke wane launi zai fito fili. A shimfiɗaɗɗen ƙullin nan da ake yi da zare biyu a gefe da na tsakiya a kwance, in zaren gefen launi biyu ne, ɗaya zai hau tsakiyar saƙar, ɗayan ya bi gefe. In aka juya bayan aikin sai a ga sun yi musanyar wuri. Wannan riba ce, abin hannu ɗaya fuska biyu. Amma sai an kiyaye cewa launin da ake so a tsakiya shi ke hawa kan zaren tsakiya kowane lokaci. Da an yi kuskure sau ɗaya, launin zai tsallake, saƙar ta ɗan karkace, kuma ido zai kama wurin daga nesa. In aka yi ta ƙullawa daga gefe ɗaya ba a sauya ba, saƙar za ta murɗe, launukan biyu su yi ta zagaya juna. Murɗaɗɗiyar saƙa tana son launuka masu tazara sosai, in suka yi kusa murɗin ba ya fitowa.

A ƙullin zagaye biyu, wanda ake naɗa wani zare sau biyu a kan wani, launin mai naɗawa kaɗai ake gani, wanda aka naɗa a kansa ya ɓuya gaba ɗaya. Da wannan dabara ake fitar da zane, a ɓoye launi a layi ɗaya a fito da shi a na gaba. Salon da ake kira Kabandoli, wanda ya samo suna daga wata malama 'yar Italiya a birnin Turin, Valentina Cavandoli, duk a kan haka yake: launi biyu, ƙullin kwance na bango, ƙullin tsaye na zane. Abin kiyayewa shi ne zaren da ke yawan naɗawa ya fi saurin ƙarewa. A shimfiɗaɗɗen ƙulli ana ba kowane zaren gefe kamar ninki biyar na tsawon saƙar, a ƙullin zagaye biyu kuwa sai an ƙara. In ya ƙare a tsakiyar aiki aka koma kasuwa, da wuya a samu daidai launin, domin rinin wannan zubi da na wancan ba sa zama ɗaya ko da lambarsu ɗaya. A sayi abin da zai isa lokaci guda. Haka duwatsu ma.

Dutse mai garai-garai, wanda haske ke ratsawa, ba shi da launin kansa shi kaɗai, yana aron na zaren da ya ratsa shi. Rawaya mai garai-garai a kan shuɗin zare zai koma kore-kore. Ruwan hoda a kan baƙin zare zai mutu ya zama wani abu mai datti. Ja a kan baƙi yana komawa ruwan hanta, wanda wani lokaci shi ake so. In ana son irin wannan dutse ya riƙe launinsa, zaren cikinsa ya zama mai haske ko danginsa. In kuwa dole sai baƙin zare, a nemi dutse mai toshe haske, ko mai rufin azurfa a cikin ramin.

Yanzu ga gwajin da muke ganin ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. A shimfiɗa zare da duwatsun a kan farin ƙyalle, a ɗauki hoto da waya, a mayar da hoton baƙi da fari. In duk suka zama toka iri ɗaya, to aikin zai cakuɗe, komai bambancin launukan a ido. Ja mai tsaka-tsaki da kore mai tsaka-tsaki misali ne: a hannu sun bambanta, amma nauyin duhunsu ɗaya, sai ƙullin ya ɓace a cikin duwatsun. Ana son a ga mataki uku a hoton, mai duhu, matsakaici, da mai haske. Zare ruwan makuba, duwatsu ruwan goro, da 'yan ƙanana ruwan madara za su ci wannan gwaji. Zare shunayya da duwatsu shuɗi mai duhu za su faɗi, sai an sa musu wani mai haske a tsakani.

Launi uku sun isa abin hannu, kuma kada a raba musu fili daidai-wa-daida. Masu ƙawata ɗaki suna da ƙa'idar kashi 60, 30 da 10, tana aiki a nan in aka tuna cewa zare ya riga ya cinye kaso mafi girma. Ɗauki abin hannu mai saƙa santimita 15, da zaren milimita 1 da duwatsun milimita 6, shimfiɗaɗɗen ƙulli ɗaya tsakanin kowane dutse biyu. Zai ci duwatsu wajen 15. Zare shi ne babban launi. A ba launi na biyu duwatsu 12, na ukun guda 3 kacal, a sa su a matsayi na 4, na 8 da na 12, ko a tara su a tsakiya. Masu koyo sukan jera ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya rawaya har ƙarshe, sai ido ya rasa inda zai sauka.

Launukan da ke kishiyantar juna, shuɗi da ruwan goro, ja da kore, rawaya da shunayya, suna ɗaga juna, shi ya sa ake son su. Sharaɗin shi ne ɗaya ya yi mulki, ɗayan ya zo kaɗan, kuma zai fi kyau a rage wa ɗaya ƙarfi. Shuɗi mai duhu irin na rinin baba na Ƙofar Mata da ɗigon ruwan goro ya fi shuɗin bula da ruwan lemo rabi da rabi nesa ba kusa ba. Launuka 'yan gida ɗaya kuwa, kamar ruwan zuma, ruwan goro da ruwan makuba, ba sa faɗa, haɗarinsu shi ne su yi lami, kuma gwajin hoton nan ne ke fitar da su. A kuma lura da haɗin da jama'a suka riga suka ba ma'ana. Kore da fari tutar Najeriya ce, ruwan goro da fari da kore ta Nijar, ja da rawaya da kore za a ce Gana. In don 1 ga Oktoba ko 3 ga Agusta aka yi, madalla. In don amarya ne, a sauya ɗaya daga ciki.

Launi yana sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa. Wannan tsohon sani ne. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel-Eugène Chevreul, da aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris a 1824, ya tarar ana ƙorafin cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke sauya shi a ido, ya kuma wallafa bayanin a 1839. Mai saƙar ƙulli tana ganin haka kullum. Dutse ruwan toka a cikin jan zare sai ya yi kore-kore, shi ɗin dai a cikin shuɗin zare sai ya karkata ga rawaya. Maganin launuka biyu masu cin juna shi ne a raba su da ɗan siririn baƙi, fari, ko ƙarfe, yadda baƙin lalle ke zagaye ja ya fito da shi. Ƙaramin dutse guda a kowane gefen babban ya wadatar.

Girman dutse ma yana cikin lissafi. Ƙananan duwatsun da ake sayarwa da lamba, yadda lambar ta hau haka suke ƙanƙancewa: 6/0 wajen milimita 4, 8/0 wajen 3, 11/0 wajen 2. Zaren milimita 1 yana son 6/0, na 0.5 yana shiga 8/0 a sake, yana kuma shiga 11/0 in na Japan ne irin Miyuki ko Toho, masu yalwar rami da daidaiton girma. Na Preciosa daga ƙasar Cek ma suna da kyau, sai dai a gwada ramin tukuna. Matsalar launi a nan ita ce ido yana gauraya ƙananan abubuwa daga nesa. A cakuɗa 11/0 ja da kore, a ja da baya taku uku, ruwan ƙasa mai datti za a gani. Shuɗi da fari a cakuɗe sai su ba da sararin samaniya, wannan kuma abin so ne. Don haka kishiyoyin launi a ƙananan duwatsu a jera su rukuni-rukuni, biyar ko bakwai a jere, kada a watsa su. Kuma ko yaushe a duba gwaji daga tazarar da mutane ke tsayawa su gaisa, domin daga nan za a ga kayan a jikin mai shi.

Walƙiya ita ma kamar launi take. Dutse mai rufin bakan gizo, wanda ake rubuta wa AB, yana ƙara shuɗi da shunayya da ruwan gwal a kan launinsa na asali, wato shi kaɗai ya kawo launi uku. Iri ɗaya mai walƙiya ya isa aiki guda, sauran su zama marasa sheƙi.

Sai batun da ya fi jawo rigima da masu saye, wato launin da ba ya jimawa. Launin da ke cikin gilashin kansa ba ya zuba. Wanda aka rina ko aka shafa a waje, shi ke kwarewa. Ruwan hoda mai ƙarfi, shunayya mai haske, da ruwan gwal ko azurfa na shafe su ne aka fi samun wannan matsala da su. Kamfanonin Japan suna da rufi mai ƙarko, Duracoat na Miyuki da PermaFinish na Toho, amma abin da ake aunawa da cokali a kasuwanninmu yawanci ba shi da suna balle lamba. A nan ga zafi, ga zufa, ga man shafawa, ga humra da turaren fesawa, ga ruwan alwala sau biyar a rana a wuyan hannu. Don haka a gwada kafin a saƙa. A jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan sabulu su kwana. A goga wasu da farin ƙyalle da aka fesa wa turare. A karce ɗaya da farce a bakin ramin. A ajiye wasu a taga inda rana ke bugawa na mako guda, a ɓoye 'yan uwansu a kwali, sannan a haɗa a gani. Jan zare da baƙi na araha su ma a jiƙa su a matse cikin farin ƙyalle, domin in suka zuba, farin dutsen da ke kusa da farar shaddar mai saye ne za su sha. Akwai kuma wani farin dutse da ake rinawa shuɗi a sayar da sunan mai tsada. A duba cikin ramin, in fari ne an gane, ko a shafa masa ruwan goge farce da auduga.

Duwatsun gilashi na gida suna buƙatar wani hannu daban. Na Masaga a Bidda da na Krobo a Gana, su na Krobo ɗin da garin kwalba ake yin su ana kuma baje kolinsu a kasuwar Koforiduwa ranar Alhamis, sukan zo da launi biyu ko uku a jikin ƙwaya ɗaya, ga rami mai faɗi da ke karɓar zare biyu ko huɗu. Irin wannan dutse ya riga ya kawo haɗinsa. A ɗauki launi mafi ƙanƙanta a zanensa a yi zare da shi, ko a sa baƙi ko ruwan ƙasa, a tsaya nan. Murjani kuwa yana son baƙi, ruwan madara ko ruwan gwal, ja kusa da shi yana kashe shi.

Ƙarfe a tsaya a kan iri ɗaya. Ruwan gwal da tagulla suna tafiya da ja, ruwan goro, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Azurfa, irin aikin maƙeran Agadas, ta fi zama da baƙi, shuɗi da toka. Tagulla tana dusashewa, tana kuma iya barin kore a fata in an yi zufa, kuma wannan koren yana shiga zare mai haske ya zauna. A sa ta a kan zare mai duhu.

Duk wannan, kayan a jiki za a sa su, a kan fata da tufa. Zare ruwan makuba a kan fata mai duhu yana ɓacewa, duwatsun su yi kamar a iska suke. Wannan salo ne mai kyau in da gangan aka yi, amma in an sha wahalar ƙulli mai zane, asara ce, sai a ɗauki zare mai haske ko mai tashi, irin ruwan gwal, ruwan madara ko shuɗi mai haske. In aikin anko ne, a karɓi ƙyallen atamfar ko leshin a hannu, kada a yarda da hoton WhatsApp, kowace waya da yadda take nuna launi. Kuma kada a bi babban launin atamfar, abin hannun zai nutse a cikinta. A nemo ɗan ƙaramin launin da ke cikin zanen, ko na mayafi da ɗankwali, a gina a kansa. Atamfa mai hayaniya tana son launi ɗaya ko biyu, shadda mara zane ita ke ɗaukar uku.

Hasken da aka yi zaɓe a cikinsa shi ma yana yaudara. Farin ƙwan shago yana ƙara wa shuɗi ƙarfi ya rage wa ja, rawayan ƙwai kuma yana mayar da fari ruwan madara, ya sa baƙi da shuɗi mai duhu su zama ɗaya. A cikin rumfunan Kurmi ko Sabon Gari, a roƙi mai kaya a fito da su bakin ƙofa a duba a inuwa da hasken rana. In kayan biki ne na dare, a sake dubawa a ƙarƙashin fitila.

Roƙonmu ga masu shirya horon sana'a, na gwamnati da na ƙungiyoyi, shi ne a ware wa launi darasinsa, a kuma sa kowace ɗaliba ta buɗe littafin gwaji. Kowane shafi a liƙa ɗan saƙar santimita 3, a rubuta kaurin zare, lambar launinsa in akwai, girman dutse, rumfar da aka saya, da abin da gwajin sabulu da na rana suka nuna. Ran da mai saye ta dawo bayan wata shida tana son irin na ƙawarta, daga wannan shafi za a ɗauko shi.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar saƙar ƙulli da duwatsun ado, Kano.